CIWON GABAN ƘAFA DA YATSU BAYAN RAUNI

Sau da yawa ɗalibi kan gurɗe ƙafa a filin ƙwallo, ko wani abu mai nauyi ya faɗo masa a kanta, sai a ce targaɗe ne, a ja, a ɗaure. Kumburi ya saɓe, amma bayan wata biyu yana nan yana ɗingishi. Wannan darasi zai bayyana abin da kan jawo haka.

Tsarin Ƙafa

Kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26: guda 7 a dunduniya da tsakiyar ƙafa, dogaye 5 jere a gaba, sai 14 a yatsu. Ban da waɗannan akwai wasu ƙanana guda 2 masu kama da ƙwayar wake a ƙarƙashin gindin babban yatsa. A duk taku, da zarar dunduniya ta ɗaga, nauyin jiki kan koma kan dogayen ƙasusuwan nan da babban yatsa. Saboda haka wurin ba ya samun hutun warkewa muddin ana takawa.

Dalilan Daɗewar Ciwo

Na farko, tsagewar ƙashi. Siririyar tsaga ba lalle ta fito a hoton ƙashi na farko ba, sai bayan mako 2 ko 3, lokacin da sabon ƙashi ya fara taruwa a bakinta.

Na biyu, karaya kusa da gindin dogon ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa. Likitan Birtaniya Robert Jones ne ya bayyana ta a 1902, bayan shi kansa ya same ta yana rawa. Jini kaɗan ke isa wannan wuri, kuma jini ne ke kai kayan gina ƙashi, don haka haɗuwarta kan yi jinkiri, wani lokaci ma sai an yi aiki.

Na uku, tsinkewar jijiyoyin da suka ɗaure dogayen ƙasusuwan da na tsakiyar ƙafa. Ana kiran wannan gaɓa da sunan Jacques Lisfranc, likitan fiɗa na rundunar Napoleon ta Faransa. Babbar alamarsa ita ce kwanciyar jini a tafin ƙafa. Hoton da aka ɗauka mutum yana kwance kan iya ɓoye shi. Sai ya tsaya a kan ƙafar sannan ratar ƙasusuwan ta bayyana. In aka yi sakaci, gaɓar kan lalace, tafin ƙafa ya baje.

Na huɗu, matsewar jijiyar ji, galibi tsakanin yatsa na uku da na huɗu. Mai ita kan ji zugi, ko sagewar yatsu, ko kamar akwai tsakuwa cikin takalminsa.

Abin Yi

Iya taka ƙafa ba shaida ba ce cewa babu karaya. Karayar waɗannan ƙasusuwa kan haɗe cikin mako 6 zuwa 8 in ta samu hutu. Ciwon da ya zarce haka, ko yake ƙaruwa, yana bukatar a koma asibiti ko da hoton farko bai nuna komai ba. A guji ɗaurin da ya matse har yatsu su yi sanyi ko su sauya launi, domin yana tare jini. Mai ciwon suga kuwa kada ya jira ko kaɗan. Malaman wasanni su lura: ɗalibin da ke ɗingishi bai isa komawa fili ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa karayar Jones ke jinkirin haɗuwa?
2. Mene ne amfanin ɗaukar hoton ƙafa a tsaye?