Darasinmu Na Wannan Wata: Roba Mai Zare A Ciki

A ƙauyuka da yawa akwai injin niƙa ko injin ban ruwa. Bel ɗin da ke juya injin niƙa, da tiyon da ke zuƙo ruwa a fadama, duk da roba mai zare aka yi su. Idan bel ya tsinke, niƙa ta tsaya. Idan tiyo ya fashe, shuka ta sha ƙishi. Saboda haka ya kamata mu san wannan roba.

Daga ina roba take?

Roba iri biyu ce. Akwai ta itace, akwai ta man fetur. Itacen roba asalinsa daga ƙasar Burazil yake, a Kudancin Amurka. Ana tsaga bawonsa, sai wani farin ruwa ya fito, kamar na tumfafiya. A Nijeriya ana noman itacen a jihohin Edo, Delta, Ondo da Kuros Riba.

Ɗanyar roba ba ta da ƙwari. Da zafi ta yi danƙo, da sanyi ta sandare. A shekarar 1839 wani mutumin Amurka mai suna Charles Goodyear ya gano maganin wannan. Ya haɗa roba da farar wuta, ya gasa. Sai ta yi ƙarfi, ta daina narkewa. Daga baya aka riƙa zuba mata wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, don ya ƙara mata ƙarko. Shi ya sa yawancin roba baƙa ce.

Me ya sa ake sa mata zare?

Magini ba ya kwaɓa ƙasa zalla. Sai ya zuba ramno, don kada bango ya tsage. To, haka roba take. A masana'anta ana shimfiɗa roba, a ɗora yadi mai ƙarfi, a sake rufewa da roba. Sannan a danne su da zafi har su zama abu ɗaya. Yadin yakan zama na auduga ko na nailan. Idan aikin mai nauyi ne, waya ake sakawa.

Ku gwada da kanku. Ku ja tsohon tib na keke, zai miƙe, domin ba shi da zare. Ku ja guntun taya, ba zai miƙe ba. Roba tana hana ruwa shiga, zare kuma yana hana ta miƙewa da yagewa.

Ina ake amfani da ita?

1. Bel na injin niƙa da na injin casar shinkafa.
2. Tiyon injin ban ruwa. Wayar da ke ciki ita ke hana shi motsewa lokacin da yake zuƙo ruwa.
3. Robar da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don hana yoyo.
4. Dogon bel mai ɗaukar dutse a masana'antun siminti, kamar na Sakkwato da Ashaka da Obajana.
5. Shimfiɗa a bayan mota, don kada dabbobi su zame.

Idan za ku saya

Ku dubi bakin robar, wurin da aka yanka. Za ku ga layin zare. Ku ƙirga. Mai layi 3 ta fi mai layi 1 juriya, in dai zaren iri ɗaya ne. Ku tambayi kaurinta, da milimita ake aunawa. Ku lanƙwasa ta, ku duba bayanta. In kun ga ƙananan tsaga, ta tsufa, ku bar ta ko da araha ce. Araha ba ta ado.

Ku gaya wa mai sayarwa aikin da za ku yi. Robar itace ba ta shiri da fetur, da man gas, da baƙin mai. In sun jiƙa ta, sai ta kumbura ta yi laushi. Akwai wata roba dabam da aka yi don wurin mai, sunanta naitiril.

Yadda ake kula da ita

Ku ajiye ta a inuwa, domin rana tana busar da ita. Ku naɗe ta kamar tabarma, kada ku ninke. Ku goge mai da zarar ya zuba a kanta. In zare ya fito fili, ku gyara da wuri. Ruwa yana ruɓar da auduga, yana sa waya tsatsa.

Kada a ɗaure bel tamau, zai cinye boris. Kada kuma ya yi sako-sako, zai riƙa zamewa yana zafi.

Gargaɗi

Ku kashe inji kafin ku taɓa bel. Kada a matsa kusa da babbar riga ko gyale, domin bel yana fizgar tufafi har da mai su. Ku hana yara wasa a wurin.

Wasu suna zaton kowace roba tana kare mutum daga wutar lantarki. Ba haka ba ne. Baƙar roba tana iya wuce da wuta, balle mai waya a ciki. Robar masu aikin lantarki ta musamman ce.

Kada a ƙona roba don babbakar kai ko ƙafa ko ganda. Hayaƙin yana da guba, yana cutar da huhu, yana kuma ɓata nama. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka gano gasa roba da farar wuta?
2. Mene ne aikin zare a cikin roba?
3. Rubuta abubuwa 3 da ke lalata roba.
4. Me za ka fara yi kafin ka taɓa bel?

Ku rubuta amsa a littafinku, ku nuna wa malamin ajinku. Ku kuma karanta wa mai injin garinku wannan darasi.