Filin Kimiyya da Fasaha: Za a Iya Mayar da Tsohuwar Bas Otomatik?

Darasinmu na wannan makon a kan giyar mota ne, kuma tsohuwar bas ɗin garinmu ce ta jawo shi.

Duk kun san ta, farar Toyota Hiace ɗin nan da muke kira Hayis. Ita ke kai iyayenmu kasuwar Dambatta da buhunan gero da gyaɗa, ita ke ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti ko da tsakar dare ne. Mai ita, wanda kowa ke ce wa Baba Direba, ya daɗe yana tuƙi tun ba a haife mu ba. Yanzu gwiwarsa ta hagu ta matsa masa, kuma da wannan ƙafar ake taka kuloci. Wani ya ba shi shawara ya mayar da motar otomatik. In bai sami mafita ba ajiye tuƙi zai yi, ga shi garinmu ba shi da wata bas. Shi ya sa mu 'yan kulob ɗin jarida muka je gareji muka tambayi bakanikensa, muka haɗa da abin da malaminmu na fasaha ya koya mana.

Mece ce giya?

Ku dubi keke. Idan faifan gaba yana da haƙora 40, na baya kuma 20, to duk zagaye ɗaya na feda, tayar baya za ta juya sau biyu. Da za a ƙara wa faifan baya girma, gudu zai ragu amma hawan tudu zai yi sauƙi. Haka giyar mota take. Giya ta ɗaya ƙarfi gare ta, ba ta da gudu, da ita ake tashi da kaya. Giya ta biyar gudu gare ta, ta kan kwalta ce. Akwatin da haƙoran suke ciki shi ne giyabos.

Giyar hannu da otomatik

A mota mai giyar hannu, direba ne ke zaɓen giya. Kafin ya sauya sai ya taka kuloci, wanda ke raba inji da giyabos na ɗan lokaci. A hanyarmu mai ramuka da yashi, ku ƙiyasta sau nawa Baba zai taka shi kafin ya kai titi.

A otomatik babu fedar kuloci. A madadinta akwai wani ƙullin ƙarfe cike da mai da ake kira tok kwanbata. Malam ya gwada mana misalinsa da fanka biyu suna fuskantar juna: in aka kunna ɗaya, iskarta sai ta juya ɗayar. A cikin tok kwanbata mai ne ke yin aikin iskar. Direba sai dai ya sa D ya tafi gaba, R ya yi ribas, N motar ta zama babu giya, P kuma in ya faka. Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile tun 1939, shekara 28 kafin Toyota ta fara ƙera Hiace a 1967.

Abubuwan da za a canza

Mun ɗauka sandar giya kawai za a cire a sa wata. Bakaniken ya yi dariya ya ce, "Yara, ai da haka ne da kafin la'asar na gama." Ga abin da ya lissafa mana:

1. A sauke giyabos na hannu, a ɗora na otomatik wanda bakinsa ya dace da injin.
2. A cire kuloci da babban faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji, a sa siririn faifan da ake ɗaure tok kwanbata a jikinsa.
3. A canza farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, domin sau da yawa tsawon giyabos ɗin biyu ba ɗaya ba ne.
4. A ja bututun man giya zuwa lagireto don mai ya riƙa hucewa. Zafi ne babban abokin gaban otomatik, musamman ga motar da ake lafta wa kaya.
5. A haɗa wayoyi, har da makunnin da ke hana mota tashi sai tana P ko N. In babu shi, ana iya murza mukulli motar ta zabura kan mutane.

Ya ce gara a je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a sayo kayan gaba ɗaya daga mota iri ɗaya, kada a yi tsince-tsince.

Riba da hasara

Ribar a fili take: ƙafar hagu ta huta, hannu biyu kuma suna kan sitiyari.

Hasarar farko ta shafe mu. Sau nawa batir ya mutu da sanyin safiya muka taru muka tura Hayis ta tashi? Otomatik ba ta tashi da turi, domin famfon manta ba ya aiki sai inji yana juyawa. Dole a sami batir mai kyau. Saboda wannan dalilin kuma, in ta lalace a hanya ba a jan ta da igiya nesa sai an kwance farfela.

Na biyu, tsofaffin giyoyin otomatik sun fi na hannu shan fetur, kuma kowa ya san yadda fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Na uku, man otomatik daban ne, yawanci ja ne, ba a zuba masa baƙin mai. Na huɗu, masu iya buɗe wannan giyabos ba su da yawa a karkara. Bakaniken ma ya ce aikin da ya fi zuwa masa akasin wannan ne, wato a kawo otomatik a ce ya mayar da ita ta hannu.

Me Baba ya yanke?

Da muka kai masa bayanin, ya yi shiru sannan ya ce, "'Ya'yana, mota ana canza mata giya, ni wa zai canza mini gwiwa?" Ya ce zai lallaɓa zuwa kaka, in ya sayar da gyaɗa ya ga ko kuɗin za su isa har da sabon batir. Kafin nan yaron motarsa, wanda ya sami lasin, shi ke karɓar sitiyari a dawowa.

Abin da muka koya shi ne, aikin yana yiwuwa, amma kafin a taɓa mota sai an duba hanyar da take bi, da kayan da take ɗauka, da wanda zai gyara ta, da lafiyar mai tuƙa ta.

Tambayoyin mako

1. Faifan gaba haƙora 48, na baya 16. Sau nawa taya za ta juya a zagaye ɗaya na feda?
2. Me ya sa otomatik ba ta tashi da turi?
3. Da kai ne Baba, ko da ke ce, me za ku zaɓa?

A jefa amsa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.