Kafin ka sauya furosesa da uwar allon kwamfutar wasa a Madarunfa

Buɗe kwamfutarka tukuna, ka karanta sunan uwar allon da ke ciki kafin ka hau motar Maraɗi. Idan soket ɗinta AM4 ne, wanda AMD ya fitar a 2016, mai yiwuwa furosesa kaɗai kake bukata. Allunan B450 da B550 suna karɓar Ryzen 5 5600, amma sau da yawa sai an sabunta BIOS. A yi wannan tun tsohon furosesan yana ciki, kuma a kan wuta mai batir, domin ɗaukewar wutar NIGELEC a tsakiyar aikin tana iya kashe allon.

Idan har da allon za ka sauya, soket AM5 na 2022 ya fi sabunta, sai dai DDR5 kaɗai yake ci, wato RAM ɗinka na DDR4 ya tashi aiki. A LGA1700 na Intel kuwa, akwai allo mai DDR4, akwai mai DDR5. Duba kwalin da kyau.

Zafinmu ne abin da na fi ji wa tsoro. A watan Afrilu yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Furosesa mai wat 65 da fanka mai kyau ya fi dacewa da mu. Rarar kuɗin a zuba ta a katin hoto, shi ne ke ɗauke da yawancin nauyin wasa.

Idan na hannu za ka saya, ko a Maraɗi ko a titin Beirut na Kano, duba ƴan alluran furosesa da na soket, kada ko ɗaya ya lanƙwashe. A kunna maka wasa a gabanka kafin ka biya.