Kada guduma ta taɓa sandar sitiyari

Ƙorafin da masu tsofaffin motocin tseren Amurka suka fi kawo mini gareji, musamman Corvette ƙirar 1984 zuwa 1996 da Camaro ta zamaninta, shi ne sitiyari yana lilo a hannu. Mai mota kan zo ya riga ya yanke hukunci: a canza gidan da ya rufe kan sandar sitiyari. Alhali sau da yawa gidan lafiyarsa ƙalau. Can ƙarƙashinsa akwai kusoshi huɗu masu kan tauraro, su ne ke kwancewa, domin motar a ƙasa take, direba kullum sai ya dafa sitiyari kafin ya miƙe. A ɗaure su da gam ɗin noti, magana ta ƙare.

Inda canji ya zama dole shi ne idan gidan ya tsage, galibi aikin ɓarawon da ya fasa gefen hagu don ya tada mota ba makulli, ko kuma ramukan fil biyun da sitiyari ke lanƙwasawa a kansu sun buɗe. Ƙarfen zubi ne mai rauni, walda ba ta zama a jikinsa yadda za a amince mata. Na sha kwance wanda aka liƙe da gam aka shafa baƙin fenti, yatsa kawai na sa ya rabu biyu. A cikin gidan nan makulli yake, da boris, da fil ɗin da ke kulle sitiyari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne guduma. Tun 1967 kamfanin General Motors ya fara ƙera sandar nan yadda za ta nutse cikin kanta idan an yi karo, don kada ta soki ƙirjin direba. Roba ce aka ɗura tsakanin ƙarafa biyu take riƙe da tsawonta. Yaron gareji ya buga kan sandar don sitiyari ya fito, robar ta karye, ba wanda zai gani daga waje. Akwai na'urar zare sitiyari, akwai ta danne farantin kulle, akwai ta ciro fil. Don Allah, bakaniken da ba shi da su ya aro.

Kafin komai a cire kan batir a ɗan jira, don Corvette daga 1990 tana da jakar iska. A miƙe tayoyi sak, kada naɗaɗɗiyar wayar jakar ta tsinke ranar da aka karya kwana. Daga 1986 kuma makullin Corvette yana ɗauke da ƙwayar tsaro, wayoyi biyu sirara suna bin cikin gidan nan. Ɗaya ta matse wajen mayarwa, mota ba za ta tashi ba, a yi ta zargin kikstata da batir.

Idan ka zo karɓar motarka, jijjiga sitiyari ta kowane ɓangare, gwada hon da sigina, ka tabbata fitilar jakar iska ta kama ta mutu, sannan ka biya.