Darasin Wata: Yadda Ake Kwance Jak Mai Moto na Ƙofar Ruwa

Ƴan'uwa manoma da ɗaliban yaƙi da jahilci, a filayen noman rani irin na Ƙonni da Galmi, ruwan da madatsa ta tara ba ya isa gona sai an ɗaga masa ƙofa. Hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, tana aiki da ƙungiyoyin manoma wajen kula da irin waɗannan kaya. Abin da ke ɗaga ƙofar ƙarfe mai nauyi shi ne jak mai murɗe, wanda wasunmu ke kira kirik. Wani da hannu ake juya shi, wani kuwa moto mai aiki da lantarki ke juya shi. Ranar da ya tsaya, albasa da alkama su sha ƙishirwa. Ranar da ya saki kaya, yana iya karya mutum. Don haka ya kamata mu san cikinsa.

Yadda yake aiki

Moto yana juya wani gajeren sandan ƙarfe mai murɗe. Shi kuma yana tura wani faranti mai haƙora, na tagulla. A tsakiyar farantin akwai rami mai zare kamar na noti, inda dogon sanda mai zare yake ratsawa. In faranti ya juya, dogon sanda ya hau ko ya sauka tare da ƙofa. Sama da ƙasan farantin akwai boris, wato rulma, masu ɗaukar nauyi. Da gangan aka yi farantin da tagulla: ta fi ƙarfe taushi, ita ce ke cinyewa domin sanda ya tsira. Amma cinyewar a ɓoye take faruwa, cikin akwati, inda ido ba ya gani. Ƙurar hunturu kuma in ta gauraya da giris, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa.

Kafin mu taɓa ko noti ɗaya

Lokacin aikin shi ne bayan girbin rani, kafin damina, sa'ad da ruwa ya ja baya. Mu yanke lantarki daga babban makunni, mu sa masa kwaɗo, mabuɗin ya zauna a aljihun mai aikin. Sannan mu sauke ƙofa har ƙasa, ko mu tokare ta da katako mai ƙarfi. Ba a kwance jak yana ɗauke da kaya, ko da na minti ɗaya ne. A kori yara daga wurin, kuma kada mutum ya yi aikin shi kaɗai.

Kwancewa daki-daki

1. Mu share ƙura da tsohon giris na waje. Mu sa alama da fenti a kan kowane murfi da mazauninsa.
2. Mu raba moto da jak a wurin mahaɗi. Akwai ɗan guntun ƙarfe da ke riƙe mahaɗin. A adana shi cikin gwangwani.
3. Mu raba dogon sanda da ƙofa. Kafin mu fitar da shi, mu ja shi sama, mu tura shi ƙasa ba tare da juyawa ba, mu auna wasan da yake yi.
4. Mu murɗe sandan ya fito, mu kwantar da shi bisa katako, ba bisa yashi ba.
5. Mu sassauta ƙananan kusoshin da ke kulle babban murfi, mu buɗe shi, mu cire murafun gefe. Siraran faifan ƙarfe da ke ƙarƙashinsu a ƙidaya su, kowane gefe daban.
6. Mu fitar da faranti da boris da gajeren sanda, mu jera su bisa buhu mai tsabta yadda suka fito. In guduma ta zama dole, a sa katako tsakani.

Abin da za mu duba

Mu wanke kayan da gazuwal. Kada a yi da isansi, don tururinsa yana kama wuta. A nan karatunmu na lissafi zai yi amfani. Mu auna tazarar da ke tsakanin zare da zare na dogon sanda. Ƙa'idar da masu ƙera jak da yawa suke bayarwa ita ce: in wasan ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tazara, a sake faranti. Misali, tazara milimita 8 ce. 8 a raba 4, ya ba da 2. To, wasan milimita 2 ya isa a sake shi, ko da jak yana ta aiki lafiya. In zaren ya ƙare, sanda zai zame gaba ɗaya, ƙofa ta faɗi babu sallama. Garin tagulla mai ƙyalli cikin giris ma shaida ce. Boris mai tsatsa ko mai ƙara a juyi, da robar da ta tsage, a sake su. Sanda kuwa a mirgina shi bisa tebur a ga ko ya lanƙwashe.

Mayarwa

Na ƙarshen fitowa shi ne na farkon komawa. Mu sa sabon giris irin wanda mai ƙera jak ya faɗa, ba a gauraya iri biyu. Mu juya jak da hannu tukuna. In ya tafi sumul, mu haɗa moto, mu gwada makunnin da ke tsayar da shi in ƙofa ta kai ƙarshe. Sakataren ƙungiya ya rubuta rana da awon wasan a littafi, domin a gwama da na baɗi.

Tambayoyi don aji

1. Waɗanne abubuwa biyu ake yi kafin a soma kwancewa?
2. Don me aka yi faranti da tagulla?
3. In tazarar zare milimita 12 ce, wasan milimita nawa zai sa a sake faranti?