Noni da wankin cikin haƙori

Wanda ya taɓa ciwon haƙori ya san tsawon dare. Babba yana da haƙora 32, kuma in guda ya fita, wani ba ya tsirowa a wurinshi.

Haƙori ba dutse ba ne. A cikinshi akwai ƴar hanya siririya wadda ta bi saiwa har ƙasa, da jijiya da jini a ciki. In kogo ya yi zurfi, ƙwayoyin cuta su kai ga jijiyar, sai ta ruɓe, kunci ya kumbura.

Ba kullum ba ne ake cire irin wannan haƙori. Lokotoron haƙora yana yin pikiri don kashe zafi, ya huda haƙorin, ya fidda ruɓaɓɓiyar jijiya, ya wanke hanyar tas, kana ya toshe ta. Wankin nan shi ne babban aiki, don in ƙwayoyin cuta suka saura, ciwo ya dawo.

Da mi ake wankewa? Da wani ruwa dangin jabel, wanda aka auna ƙarfinshi. Yana kashe ƙwayoyin cuta sosai, amma in ya zarce saiwa yana ƙona nama. Shi ya sa masana suke neman abin da ya fi shi sauƙi.

A ƙasashen Asiya da tsibiran tekun Pasifik, kamar Tahiti, akwai wani icce da ake ce ma noni. Ɗanshi ya kai dankalin turawa girma, jikinshi gurji-gurji, in ya nuna yana da wari. Mutanen can sun daɗe suna magani da shi.

A shekarar 2008, wasu likitocin haƙora a Amurka suka gwada ruwan noni cikin haƙoran da aka riga aka cire. Suka ga in an haɗa shi da wani maganin wanki, yana fidda dauɗar cikin hanyar. Daga baya an yi ta gwaji a Indiya. Har yanzu dai noni bai kori ruwan jabel ba, don jabel yana narkar da ruɓaɓɓen nama, noni kuwa bai kai nan ba.

Icce yana da amfani, babu shakka. Ko man kanumfari yana cikin abin da lokotoro yake toshe haƙori da shi. Amma sai an gwada, an auna. Kada ka ɗiga jabel ko ruwan batir cikin kogon haƙori, bakinka za ka ƙona. Kanumfari yana kwantar da zafi, amma ba ya fidda ruɓa. In haƙori ya hana ka barci, tafi likita tun kunci bai kumbura ba.

Tambayoyi
1. Mi ke cikin saiwar haƙori?
2. Ina noni yake fitowa?
3. Don mi noni bai kori jabel ba?