DARASI: Tace gas ɗin kashin kaji da membiren, wa ke buƙatarsa?

Yau zan yi bayani kan bayogas, wato gas ɗin da ke fitowa idan kashin kaji ya ruɓe a rufaffen tanki, da yadda ake tace shi.

Ba duk gas ɗin ne ke cin wuta ba. Metan, wanda shi ne mai kamawa, kashi 50 zuwa 70 ne cikin 100. Sauran yawanci CO2 ne, sai danshi, amoniya da H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kashin kaji yana ba da na ƙarshen nan biyu sosai.

To mene ne membiren? Bututu ne cike da dubban siraran zaren roba, kowanne da kogo a cikinsa. Kwamfuresa ce ke tura gas ciki da ƙarfi. CO2 yana ratsa jikin zaren da sauri ya fice ta gefe, metan kuwa nawa gare shi wajen ratsawa, sai ya miƙe ya fito ta ƙarshen bututun. Tacewa ɗaya ba ta isa, domin wani metan yana bin CO2 ya tsere. Shi ya sa ake jera bututu hawa biyu ko uku, ana mayar da abin da ya tsere, har a samu metan sama da kashi 95.

Amma fa membiren ba ya shiri da datti. Dole a fara sanyaya gas a cire ruwa, a bi da shi ta gawayin tacewa ya kama H2S. In ba haka ba, zaren ya lalace, kuɗi sun tafi.

Shawarata: in girki ko ɗumama 'yan tsaki ne burinka, kada ka kashe jarinka a kan membiren. Sa tarkon ruwa a bututu, ka bi da gas ta garwa mai ɗauke da tsatsar ƙarfe. Wannan zai rage H2S da ke cinye janareta, yake kuma cutar da kai da kajinka. Membiren na babbar gona ne, mai wadataccen kashi da tsayayyar wuta, mai son ɗura gas a silinda don mota ko sayarwa.

Kafin ka sayi komai, auna gas nawa tankinka ke bayarwa a rana. Allah ya sa albarka a kiwonmu.